Inna ta tambaye ni awa nawa za mu yi a sama

Tun ranar da ejen ya turo min bizar Umara a WhatsApp na kai wa Inna ta gani, tambaya ɗaya ta riƙe, "Auta, wai awa nawa za mu yi a sama?" In na shiga gaishe ta da safe ta tambaya, in na dawo kasuwa da daddare ta sake tambaya. Ran nan ina zaune a shagona na kayan gyaran mota a Dilimi sai na ɗauko waya na buga Abuja zuwa Jidda, aka nuna min kilomita wajen 3,700, tafiyar awa biyar. Da na koma gida na ce mata Inna ki kwantar da hankalinki, kamar daga nan Jos zuwa Kano ne a mota, kafin ki gama lazimi mun sauka. Ta ce to ai da sauƙi, Allah ya nuna mana.

Amsar nan da na ba ta har yau tana min ciwo a rai, shi ya sa ma na zauna nake wannan rubutun, don na san akwai da yawa masu tara kuɗi su kai iyayensu kamar yadda na yi. Inna ta haura saba'in, tana da ciwon suga, ga gwiwa, kuma ba ta taɓa shiga jirgi ba. Baba ya rasu da burin zuwa Makka bai samu ba, to da Allah ya hore mana ni da Yaya muka haɗa abin da muka haɗa muka ce ko Umara ce ta je ta ga ɗakin Allah da idonta tun da sauran ƙarfi. A watan Janairun 2025 ne, cikin Rajab, lokacin da sanyin Jos ke shiga har ƙashi.

Mutane da yawa sun tambaye ni me ya sa ba mu hau jirgi daga Jos ba tunda muna da filin jirgi. E muna da shi, filin Yakubu Gowon da ke Heipang, in ka wuce Bukuru da Mararrabar Jama'a. Daga can zuwa filin jirgin Abuja in a miƙe ne ko kilomita 200 bai cika ba, wajen 190 ne, jirgi na tashi sai ya fara shirin sauka. Amma jiragen da ke sauka Heipang ba su da yawa, kuma lokacin hazo ne, in hazo ya yi kauri a arewa jirgi sai ya ƙi sauka ko a ɗaga tafiyar, ni kuma ba zan yi kasada da tikitin waje da na biya maƙudan kuɗi ba. Alhazan Filato ma shekaru da dama sai an kwashe su zuwa wata jiha suke hawa jirgi. Don haka muka ɗauki shatar mota ranar Talata bayan asuba, ƙarfe shida da rabi muka bar ƙofar gida, maƙwabta sun fito cikin mayafi da rigunan sanyi ana ta a yi mana addu'a, a gaida Ma'aiki.

Hanyar duk wanda ya saba ya san ta. Riyom, sai gangaren Hawan Kibo inda direba ya rage gudu kowa ya yi shiru ana ta salati saboda tirelolin da ke saukowa, kana ji kunnenka na toshewa iska na sauyawa daga sanyin tudu zuwa ɗumi, sai Forest, Gwantu, Akwanga inda muka tsaya Inna ta miƙe ƙafa ta ci abinci, Keffi, sannan gosulon Mararaba da Nyanya da ya ci mana kusan awa guda shi kaɗai. Wajen kilomita 280 ne amma sai sha biyu ta gota muka isa gidan Yaya a Lugbe. Tun a nan na ga ƙafafun Inna sun ɗan tasa, matar Yaya ta kawo ruwan ɗumi a roba ta gasa mata.

Da daddare bayan isha'i Yaya ya ja ni majalisarsu wajen mai shayi a bakin layi. A nan na haɗu da wani dattijo maƙwabcinsa, mutumin Zariya, ya yi shekaru yana aiki a filin jirgin Abuja ɓangaren masu tsara tashin jirage kafin ya yi ritaya. Da ya ji gobe za mu tashi ya ce in nuna mishi tikitin. Ya sa tabarau ya duba a wayata ya ɗago ya ce, "Ƙanena, me ka gaya wa tsohuwa?" Na ce awa biyar, Alhaji. Ya girgiza kai ya ce ai wannan lissafin na jirgin da zai miƙe kai tsaye ne, naku ta Addis Ababa zai bi. Wallahi na san ta Addis za mu bi, na gani a tikitin, amma a kaina na ɗauka ɗan ratse ne kamar mai zuwa Bauchi ya tsaya Toro ya sha mai.

Ya karɓi biro wajen mai shayi ya juya kwalin madara ya fara rubutu. Abuja zuwa Addis kilomita wajen 3,460, gabas sak. Addis zuwa Jidda wajen 1,400, arewa sak. In ka haɗa kusan 4,900 ke nan, wato mun ƙara sama da kilomita dubu a kan abin da waya ta nuna min. Ya ce masu bi ta Alƙahira su ma haka, masu bi ta Dubai kuwa nasu ya fi, don sai sun wuce Makka da nisa sannan a dawo da su baya. Sai ya koya min wani lissafi da ya ce da shi suke ƙiyasi a baki, ka raba kilomita da 800 ka ƙara rabin awa. Dalili kuwa shi ne jirgin fasinja in ya daidaita a sama, can wajen kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa, yana gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa, amma ba da wannan gudun yake farawa ba, sai an tura shi baya, ya gangara a hankali zuwa titin tashi, wani lokaci ya jira wani ya sauka tunda Abuja titin jirgi ɗaya ne tak (shi ya sa ma da aka rufe shi don gyara na sati shida a 2017 sai Kaduna aka mayar da komai), ya hau sama minti ashirin ko fiye, can kuma ya fara saukowa tun da saura rabin awa. Duk wannan yana cikin lokacin da ake rubutawa a tikiti. Shi ya sa gajeriyar tafiya ta fi cin lokaci in ka auna da nisanta. Na gwada da Jos zuwa Legas da na taɓa yi sau ɗaya, kilomita wajen 700, lissafin ya ba ni awa ɗaya da minti ashirin da wani abu, kuma kusan haka muka yi ranar. Ya ce iska ma tana da nata, in tana bayan jirgi ku isa da wuri, in tana gabansa ku makara, shi ya sa zuwa da dawowa ba lallai su zo daidai ba.

Daga nan ya nuna min abin da ya fi rikita mutane. Tikiti ya ce tashi 1:40 na rana, sauka 8:25 na dare. In ka ƙirga da yatsa awa bakwai ba kwata, amma ba haka ba ne, kowane lokaci da agogon garinsa aka rubuta shi, Habasha da Saudiyya kuma suna gaban Najeriya da awa biyu. To awa huɗu da minti 45 ne. A dawowa kuma sai ka ga kamar awa uku ba ta cika ba alhali kusan biyar ce. Ya ce ya sha ganin mutum ya zo tarbar ɗan uwansa awa biyu kafin lokaci ko bayan lokaci saboda wannan.

Na tambaye shi to in da kai tsaye ne fa, awa biyar ɗin ta tabbata? Ya ce da can e, har ƙasa da haka daga Kano ko Maiduguri, don layin miƙaƙƙe ne ta saman Chadi da Sudan sai Bahar Maliya. Amma tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jiragen alhazai na shekarar sai zagaye suka yi, tafiyar ta ƙaru da wajen awa biyu, har kamfanonin suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowane alhaji saboda man da za su ƙona. Ni dai a zaune nake da kofin shayi ya huce a hannuna, ina tunanin ashe harsashin da ake harbawa a Khartum yana iya ƙara wa tsohuwa daga Unguwar Rogo awa biyu a kujera.

Da na koma ciki na tarar Inna ba ta yi barci ba, tana zaune a kan darduma ta miƙe ƙafa. Na durƙusa na ce Inna na yi kuskure a lissafi, ba awa biyar ba ce, jirgi biyu za mu shiga, awa bakwai da ɗoriya a sama, ga zaman jira a tsakani. Na zaci hankalinta zai tashi. Sai ta yi shiru, can ta ce Sudan ɗin da kake faɗa ai ta nan Malam ya bi. Kakanta ke nan na wajen uba, na sha jin labarinsa muna yara amma ban taɓa jin sa da kunnen manya ba sai daren nan. Da ƙafa ya tafi, shi da ayari, da jakuna biyu da buhun allunansa. Ta lissafo garuruwan kamar tana karanta sura, Maiduguri, Fallomi (Fort Lamy ke nan, Njamena ta yanzu), Abeshe, Jinaina, Fashir, Ubayyid, har bakin Nilu. In guzuri ya ƙare sai a tsaya a yi noma ko a yi ƙwadago a gonakin auduga na Jazira damina ɗaya ko biyu, a tara a ƙara gaba, har Sawakin a bakin teku inda ake shiga jirgin ruwa a tsallaka Jidda. Ta ce ya zauna a Mai Wurno, garin da mutanenmu suka kafa a bakin Nilu bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903 ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da hijira da sauran jama'a. Shekara bakwai ya yi kafin ya dawo, ya tarar an yi masa sadakar mutuwa, ƙaninsa da suka tafi tare kuwa can ya zauna ya yi aure bai dawo ba, ƙila jikokinsa na cikin waɗanda yaƙin nan ya tarwatsa. Ta ce, "Auta, mai shekara bakwai bai yi ƙorafi ba, ni ce zan yi na awa bakwai?" Ta ce dai in tabbatar maganinta na jakar hannu.

Washegari Laraba tara da rabi muka bar Lugbe. Sa'armu ɗaya Lugbe a kan titin filin jirgin take, wanda zai taso daga cikin gari sai ya yi wajen kilomita 40. Filin Nnamdi Azikiwe, sabon ginin nan na jiragen waje da aka buɗe ƙarshen 2018. An ce a zo awa uku kafin tashi kuma gaskiya ukun nan sai da muka cinye su, layin awon kaya, layin fasfo, layin bincike inda aka sa muka zubar da ruwan gorar da ta ɗauko don ba a wucewa da abin ruwa da ya wuce mililita 100. Abu ɗaya da na yi daidai shi ne na sa ejen ya nema mata keken tura marasa ƙarfi tun wajen yankan tikiti, wani yaro mai ladabi ya tura ta har ƙofar jirgi yana ce mata Mama sannu. Duk mai tafiya da tsoho ya nemi keken nan, ba abin kunya ba ne, tsakanin ƙofa da ƙofa a filin jirgi tafiya ce mai zaman kanta. Azahar na yi muka haɗa ta da la'asar muka yi ƙasaru kamar yadda malaminmu ya ce, sannan aka fara kira.

Na ba ta kujerar taga. Da jirgin ya ɗauki gudu a titi ta damƙe hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba, bakinta na motsi, da ya ɗaga kuwa sai ta saki ta leƙa. Ba a ga komai sosai ba saboda hazo, ƙasa ta yi fari fat kamar an watsa toka, minti kaɗan muka huda muka fito sama inda rana take tas. Akwai ɗan sikirin a bayan kowace kujera mai nuna taswira da ɗan hoton jirgi yana tafiya, da nisan da ya rage da gudun da ake yi da sanyin waje, na ga an rubuta 50 ƙasa da sifili na nuna mata, ta ce to Jos ma ashe wasa ne. Muka bi ta saman Kamaru, ina kallon kilomita na raguwa, kusan 14 duk minti ɗaya, wato daga gidanmu zuwa Bukuru kafin ka sha ruwa ka ajiye kofi.

Aka kawo abinci, shinkafa da kaza da wani ganye, ta ɗan taɓa cokali uku ta ture ta ce ƙamshin bai mata ba. Na ce ta ci dambun naman da matar Yaya ta ƙulla mana ta ce sai an jima. Ban matsa ba, kuma da na sani na matsa.

Wajen ƙarfe biyar a agogon hannunta sai ta taɓo ni ta ce Auta duba, rana na faɗuwa. Na leƙa, sama ta yi ja ta bayanmu gaba kuma duhu na tahowa. A Abuja lokacin sai wajen shida da rabi ake magariba, ga shi biyar ta yi mana a sama. Dattijon ya faɗa min wannan ma, in kana tafiya gabas kana gudun rana ne, duk digiri 15 na faɗin duniya awa guda ne, tsakanin Abuja da Addis kuwa digiri talatin da ɗaya da wani abu. Ranarmu ta gajarce ke nan. Ta yi taimama ta yi sallarta a zaune, ni kuma na tashi na bi layin banɗaki. Abin da ban sani ba, Inna ba da agogo take shan maganin sugarta na yamma ba, da sallar magariba take haɗa shi, shekara da shekaru haka take yi, tana sallame sallah ta sha sannan a kawo tuwo. To ta sallame ta sha, awa ɗaya da rabi kafin lokacin da jikinta ya saba, cikinta kuma ba komai sai cokali uku na shinkafa.

Mun sauka filin Bole takwas da rabi saura na agogonsu. Addis a kan tudu take fiye da Jos nesa ba kusa ba, sama da mita 2,300, Jos kuwa wajen 1,200, sanyin da ya tare mu a ƙofar jirgi ya tuna min Disamba a Rayfield. Takalminta ya ƙi shiga saboda kumburi, sai silifas ɗina na ba ta na tafi da safa. Muna zaune a wajen jira, mutane ko'ina, ga 'yan Kano ga 'yan Nijar ga 'yan Ghana ga Sinawa, sai na ga tana share goshi da gefen mayafi. Zufa a cikin wannan sanyin. Na riƙe hannunta na ji yana rawa, na ce Inna lafiya, ta ce ba komai jiri ne kaɗan, muryarta can ƙasa. Na ce kin sha magani? Ta ce tun magariba. Gabana ya faɗi. Na zazzage jakar hannu a ƙasa na ɗauko na'urar gwajin suga, hannuna ni ma na rawa na kasa soka allurar sai a karo na biyu, lambar da ta fito ta yi ƙasa sosai da abin da likitanta ya ce kar a bari ta kai. Wata Hajiya 'yar Katsina da ke gefenmu ba ta ce komai ba ta kwance ƙullin dabino ta ɓare ta fara sa mata a baki ɗaya bayan ɗaya tana cewa ci Yaya, ci, mijinta kuma ya ruga ya sayo shayi ya zuba suga har uku. Ban san sunansu ba har yau, a Jidda muka rabu, Allah ya saka musu da Aljanna. Bayan kamar kwata na sake gwadawa ta hau, zufar ta tsaya, ta ci dambun nan da burodi sosai. Na koma gefe na zauna a ƙasa na haɗa kai da gwiwa, ban san hawaye na zuba ba sai da ta ce Auta tashi mutane na kallonka.

Na je wajen likitanta kafin mu taho, na karɓo magani na wata guda, amma ban ce mishi agogo zai canza da awa biyu ba balle ya tsara mana yadda za ta sha a hanya, don ni kaina ban ɗauki awa biyun nan a bakin komai ba. Don Allah duk mai tafiya da mai suga ko hawan jini ya kai wa likita tikitin kansa ya gani.

Kusan awa huɗu muka yi a Bole. A nan na yi wanka na ɗaura harami, don malaminmu ya ja kunnena cewa kar in ce sai a cikin jirgi. Mai zuwa Jidda daga kudu ta daidai Yalamlam yake wucewa, miƙatin mutanen Yaman, wajen kilomita 100 kudu da Makka, jirgin da ke cin kilomita goma sha wani abu a minti kuwa kafin ka fito daga banɗaki da zane a hannu an wuce. Sha biyu da minti ashirin na dare muka tashi. Wannan karon ba ta kama hannuna ba, barci ta yi, ni kuwa ido biyu ina kallon ɗan jirgin nan a sikirin ya bar tudun Habasha ya hau kan Bahar Maliya, can hagu a taswirar ga Port Sudan ga Sawakin a rubuce. Tekun da Malam ya yi shekaru kafin ya ga bakinsa. Da saura kamar minti arba'in na tashe ta muka yi niyya, sai talbiyya ta tashi daga baya, mutum ɗaya ya fara sauran suka amsa, jirgin gaba ɗaya ya ɗauka. Inna na yi tana kuka a hankali, ta ce da Babanku na nan.

Uku saura minti goma muka sauka filin Sarki Abdul'aziz, awa biyu da rabi daidai, ga shi agogon Habasha da na Saudiyya ɗaya ne ba sai an sake lissafi ba. Layin shige da fice da jiran kaya suka ci awa ɗaya da rabi. Filin jirgin a arewacin Jidda yake, daga nan zuwa Makka wajen kilomita 100, akwai jirgin ƙasa mai gudu na Haramain da ke tashi daga cikin filin amma da kaya da tsohuwa da tsakar dare mota ta fi mana. Muna shiga Makka ana kiran asuba.

A otal bayan ta kwanta na ɗauko kwalin madarar nan da dattijon ya ba ni na ƙarasa lissafin a ƙasan rubutunsa. A sama awa bakwai da kwata. Daga ƙofar Yaya a Lugbe zuwa ƙofar otal awa 18. Daga ƙofar gidanmu a Jos awa 45. Ni kuma na ce mata biyar.

Ba mu yi Umarar a take ba, na bar ta ta yi barci har azahar ta ci abinci mai nauyi, da daddare muka shiga. Ɗawafi ta ce da ƙafarta za ta yi kuma ta yi, a hankali, tana dafe da kafaɗata. Safa da Marwa ne na roƙe ta ta hau keke, don tafiya sau bakwai tsakaninsu wajen kilomita uku ce, ta yarda da shida ta ce na ƙarshe a sauke ta. Abin da ta yi da ta fara ganin Ka'aba wannan nata ne, ba zan rubuta ba.

A dawowa na riga na koyi karatu. Na sa agogon hannunta a lokacin Najeriya tun daga Jidda, maganin yana aljihuna ni nake ba ta bayan na ga ta ci abinci, duk awa ɗaya in tashe ta mu taka zuwa bayan jirgi mu dawo saboda ƙafa, ruwa kuma ko ba ta nema ba in miƙa. Da yake yamma muka nufa ranar ta yi tsawo, mun bar Addis da hantsi muka sauka Abuja azahar ba ta yi ba. Muka kwana biyu a Lugbe ta huta kafin mu kama hanya, na je na gaida dattijon na kai mishi dabino da zamzam na ba shi labarin Bole, ya yi shiru ya ce wannan ko shi bai kawo a ransa ba.

Da muka iso gida mata suka cika ɗakin Inna ana shan zamzam a ƙananan kofuna, ana ta Hajiya Hajiya tana cewa Umara ce dai ku yi min addu'ar babbar. Ina tsakar gida ina raba tsaraba na ji wata maƙwabciyarmu da ɗanta ke shirin kai ta bayan sallah tana tambaya, "Yaya, wai awa nawa ne a jirgin?" Inna ta ce mata kwana biyu za ki ɗaura wa zanenki, ki ci abinci ko bai miki daɗi ba, ki sa dabino a jaka. Sai ta ɗaga murya ta ce Auta, kawo kwalin nan ka nuna wa yaronta.